"Danna nan yanzu": ɗan kasuwa, kada ka ari muryar ɓarawo



Duk mai adireshin imel ya san irin waɗannan saƙonni: "Promo za ta ƙare da tsakar daren yau", "Saura guda uku kawai", sai wani maɓalli a ƙasa an rubuta "Danna nan". Ɗalibi mai neman bursu, ma'aikacin ONG, ɗan kasuwa mai odar kaya daga Sin ko Dubai, kowa akwatinsa cike yake da su. Yanzu kuma matasanmu masu saida kaya ta intanet sun fara koyon salon, suna turo shi ta imel da WhatsApp. To, da su nike son mu yi magana yau.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1978 wani ma'aikacin kamfanin DEC a Amurka, Gary Thuerk, ya aika talla ɗaya ga mutane kusan 400 a lokaci guda, kuma tun a lokacin aka yi ta ƙorafi. Daga baya abin ya zama sana'a mai dabaru. Sau da yawa akwai ɗan ƙaramin hoto da ido ba ya gani a cikin saƙon, shi ke gaya wa mai tallar cewa ka buɗe. Maɓallin kuma shi ke gaya mishi ka danna. Duk burinsu ka motsa kafin ka yi tunani.

Talla ba laifi ba ce. Mai tumatir a kasuwa ma kira yake yi. Laifin shi ne gaggawar ƙarya. Ka ce "yau kaɗai", gobe ka sake cewa "yau kaɗai", jibi ma haka. Ai ramin ƙarya ƙurarre ne, kiliyanka zai gane, ranar da ka yi rangwamen gaskiya ba mai kula ka.

Amma ɓarnar ta wuce butik ɗinka. Wannan muryar ta "yi maza" ita ce fa muryar ƴan damfara: "Za a rufe kontinka, turo kod ɗinka yanzu." In masu gaskiya suka saba wa mutane da danna abu cikin ruɗewa, sun share wa ɓarawo gona ne, shi nashi girbi kawai. Tsohuwar da aka kwashe wa kuɗin da ɗanta ya turo mata daga ci-rani, ba ta san bambancin saƙonka da nasu ba.

Don haka ɗan uwa, in za ka tura talla, fara da neman izini. Nimero ko imel ɗin da mutum ya ba ka don a kai mishi kaya, amana ce, ba ta talla ba. A Nijar muna da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Sannan ka nemi abu ɗaya tak a saƙo: ga kaya, ga farashi da sefa, ga ranar da rangwame zai ƙare, kuma ranar ta zama gaskiya. Ka sa sunan butik da unguwar da take. Ka kuma bar ƙofar fita. Ko Gmail, daga 2024, ta wajabta wa masu tura saƙo sama da 5000 a rana su sa wurin da mutum zai danna sau ɗaya ya daina samun tallarsu. Wanda ya ce ka bar turo mishi, ka bar shi; wata rana da ƙafarsa zai dawo.

Kai kuma mai karɓa, saƙon da ya fi matsa maka shi ya fi cancantar ka tsaya. Duba adireshin wanda ya turo harafi bayan harafi. Kod ɗinka na sirri kuwa, ko wa ya tambaya, kada ka ba shi. Sauri ya haifi nawa.

Allah Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya tsare mu daga macuta.