Wa Ke Duba Mai Duba Jarrabawa?

'Yan'uwa, iyaye da yawa a Birnin Kudu da Gwaram suna sayar da hatsi da dabbobi domin 'ya'yansu su kai babbar makaranta. Amma kaɗan ne ke tambayar mudun da ake auna karatun yaran da shi.

A jami'o'inmu, malamin da ya koyar da darasi shi ke shirya tambayoyi, shi ne kuma ke ba da maki. Bisa tsarin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, maki 70 shi ne A, digiri mai daraja ta ɗaya kuwa yana farawa daga 4.50 cikin 5.00. To amma 70 a hannun malami mai sassauci da 70 a hannun mai tsanani ba ɗaya ba ne. Idan kuma ba mai dubawa, maki yakan zama haja. A 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo shekara 2 saboda neman lalata da ɗaliba a madadin maki.

Maganin da muka gada daga Ingila shi ne mai duba daga waje: malami daga wata jami'a ya tantance tambayoyin, ya kuma zaɓi wasu takardun amsa ya sake aunawa. Sai dai galibi aikin 'yan ajin ƙarshe yake gani, alhali makin shekarun baya ya riga ya shiga lissafin digiri.

Ba sai mun je nesa neman darasi ba. Ɗaliban kwalejin koyon aikin jinya ta Birnin Kudu ba sa samun lasisi da makin malamansu kaɗai. Dole su ci jarrabawar Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda takwarorinsu na sauran jihohi ma suke rubutawa. Ran majiyyaci ba abin wasa ba ne, shi ya sa mudun ya zama ɗaya.

Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da sauran jami'o'i su sa ido na biyu ya riƙa bin maki tun daga ajin farko, ɗalibi kuma ya iya neman a sake duba takardarsa ba tare da fargaba ba.

Iyaye kuma mu daina yi wa malamai kamun ƙafa. Wanda aka tsallakar yau da alfarma, gobe shi ne zai koyar da jikokinmu.