Darasin labarin ƙasa ya kamata ya fara daga bakin gulbi

A shekarar 2024, gwamnatin Nijar ta ɗage komawa makaranta daga ranar 2 ga Oktoba zuwa 28 ga watan, saboda ambaliya ta rusa azuzuwa, wasu makarantun kuma sun zama mafakar waɗanda gidajensu suka faɗi. Damanar ta kashe mutum sama da 300, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har tsohon masallacin Birnin Damagaram da aka gina a ƙarni na 19 ya rufta. Ɗaliban kwaleji da lise sun ga wannan da idanunsu. Amma nawa ne daga cikinsu darasin labarin ƙasa ya ba su ilimin da za su bayyana abin da ya faru?

A makarantu da yawa, wannan darasi ya zama hadda. Malami ya rubuta a allo, ɗalibi ya kwafa, ya zuba a takardar jarrabawar BEPC ko BAC, ya manta. Yaro zai lissafa manyan kogunan duniya, amma bai san daga ina ruwan da ke wucewa bayan unguwarsu yake fitowa ba. Kamata ya yi a juya tsarin: a fara daga ƙasar da ɗalibi ke takawa, sannan a faɗaɗa zuwa duniya.

Gulbin Maraɗi kaɗai ya isa darasin wata guda. Yana tasowa ne daga yankin Katsina a Najeriya, inda aka datse shi da madatsar Jibiya, ya shigo Nijar ta wajen Madarumfa, ya ratsa Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da Kogin Rima. Ke nan ruwan da aka yi a wata ƙasa yana iya cinye gonar manomin Maraɗi ko da bai ga hadari ba. A 1945 ambaliyar wannan gulbi ce ta ci tsohon garin da ke cikin fadama, abin da ya sa aka mayar da shi kan tudu. Ɗalibin da ya san wannan ba zai sayi fili a hanyar ruwa ba idan ya girma.

A Yamai ma haka. Kogin Neja, mai tsawon kusan kilomita 4,200, yana cika sau biyu a shekara a babban birnin. Cikar farko tana zuwa a Agusta da Satumba, da jan ruwan da kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke kawowa daga ɓangaren Burkina Faso. Ta biyu tana isowa da sanyi, ruwan tsaunukan Gini ne da ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali. Cikar farko ce ta kai kusan mita 7 a Satumbar 2020, ta mamaye unguwannin bakin kogi. Ɗaya daga cikin dalilan tsanantarta shi ne ƙasar da aka sare wa itatuwa tana taurare, ruwa ba ya nutsewa, sai ya gangara da gudu ɗauke da yashi.

Wani zai ce me ya haɗa ɗan Nijar da darasin gaɓar teku, alhali ƙasar ba ta da teku? Ai damanar kanta daga can take zuwa. Iskar da ke tasowa daga Tekun Atlantika, ta mashigin Gini, ita ke ɗauko danshi zuwa arewa, tana raguwa a hanya. Shi ya sa Gaya ke samun kusan milimita 800 a shekara, Agadas kuwa ba ta kai 200 ba. Kayan kasuwa ma ta tashoshin Kwatano da Lome suka saba shigowa, kuma bututun man Agadem mai kusan kilomita 2,000 a gaɓar Benin yake ƙarewa.

Batun kare muhalli kuwa, Nijar na da abin koyarwa nata na kanta. Tun daga shekarun 1980, manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa irin su gawo su girma a gona. An ƙiyasta sun farfaɗo da kusan hekta miliyan 5. A jihar Tawa, tassa da rabin wata sun mayar da faƙo gona. Masana daga ƙasashen waje na zuwa kallon wannan aiki, alhali yaron da mahaifinsa ya yi shi bai taɓa jin an kira shi ilimi a aji ba.

Gaskiya ne malamai na fama da cunkoson ɗalibai, azuzuwan zana da ƙarancin taswira. Sai dai fita bakin gulbi da ƙafa ba ta buƙatar kasafin kuɗi. Gorar roba da ma'auni sun isa a fara auna ruwan sama a harabar makaranta. Ɗalibai za su iya zana taswirar unguwarsu, su nuna inda ruwa ke kwanciya da magudanan da leda ta toshe, su miƙa wa magajin gari.

Babban nauyin yana kan ma'aikatar ilimi. Malami yana koyar da abin da jarrabawa ke tambaya ne. Ranar da takardar BEPC ta nemi ɗalibi ya bayyana dalilin ambaliyar garinsu da hanyar rage ta, ranar za a fara kai yara bakin gulbi. Ƴan ƙasa da ke ƙetare, masu aiko da kuɗin gina masallatai da rijiyoyi, su ma za su iya ƙara taswira da ma'aunin ruwan sama cikin abin da suke aika wa tsofaffin makarantunsu.