Inshorar Lafiyar Ma'aikata Da Matsalar Rashin Haihuwa

Kamar yadda aka sani, a shekarar 2022 ne aka sanya hannu kan dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohon shirin da aka kafa da dokar 1999. Dokar ta wajabta inshorar lafiya a Nijeriya, har da kan duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 5 ko fiye. A tsarin ma'aikatan gwamnati, inshorar kan ɗauki nauyin ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18. To, ina makomar ma'aikacin da ya shekara goma da aure, ana yankar albashinsa kowane wata, amma Allah bai ba shi haihuwa ba?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar wannan matsala a rayuwarsa. Duk da haka, dashen ƙwan haihuwa da ake kira IVF, wato haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, ba ya cikin abin da shirin ƙasa ya saba biya. Dalili kuwa a fili yake: zagaye ɗaya kan ci miliyoyin naira, kuma ba kowane zagaye ne ake dacewa ba.

A Amurka jihohi ne suka ɗauki wannan batu. Jihar Maryland ta fara tilasta wa kamfanonin inshora biyan kuɗin IVF tun 1985, sannan daga 2020 jihar New York ta wajabta zagaye 3 ga ma'aikatun da ke da ma'aikata sama da 100. Sai dai wata dokar tarayya ta 1974 ta hana jihohi taɓa kamfanonin da ke biyan kuɗin jinyar ma'aikatansu daga aljihunsu, don haka miliyoyin ma'aikata suka tsinci kansu a waje. Idan haka ta faru a inda yawancin mutane ke karɓar albashi, ina ga yankunanmu na karkara, inda manomi da makiyayi da mai sana'ar hannu ba su da wani ubangida da za a tilasta wa?

A ganinmu, ba daga IVF ya kamata a faro ba. Sau da yawa matar da ta haihu sau ɗaya sannan haihuwa ta tsaya, cutar da ta kama ta bayan haihuwa ko ɓari ce ta toshe mata hanyoyin ƙwai. Kusan rabin lokaci ma matsalar na da alaƙa da namiji, amma mace ake ɗora wa laifi, a yi mata kishiya ko a sake ta, alhali gwajin maniyyi ba shi da tsada kuma ana yin sa a manyan asibitoci. Waɗannan gwaje-gwaje na miji da mata, da maganin cututtukan da ke toshe mahaifa, su ne abin da asusun taimakekeniya na lafiya na jiha zai iya ɗauka ba tare da ya durƙushe ba.

Shugabannin ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin ƙwadago na da hurumin neman a ba su jerin abin da inshora ke biya a rubuce, da Hausa, tun kafin a fara yankar albashi. Idan gwajin rashin haihuwa ba ya cikin jerin, a wurin bitar tsarin ne za a nemi a shigar da shi, a kuma rubuta sunan miji tare da na mata a takardar turawa asibiti.