Juyen Baƙin Mai da Hannunka, da Makomar Garanti

'Yan'uwana ɗalibai da sababbin ma'aikata, akwai wata aƙida da ta daɗe da kafuwa a zukatanmu, wai wanda ya yi boko ba ya kwanciya ƙarƙashin mota. Ni dai ina ganin wannan girman kai ne maras tushe. Juyen baƙin mai aiki ne na rabin sa'a: a ɗan ɗumama inji, a kwance notin ƙasa mai ya tsiyaye, a sake filta, a ɗaure, a zuba sabo, a duba geji. Wanda ya iya haddace littattafai har ya ci jarrabawa, ba sifana ce za ta gagare shi ba. To, amma ga mai sabuwar mota akwai wata tambaya da ta fi wannan nauyi, watau ina makomar garantin da kamfani ya ba shi in ya yi juye da kansa?

Wani abokina ya ci bashi a wurin aiki ya sayi sabuwar mota. Don tattalin albashi sai ya riƙa yi mata juye a ƙofar gida, yana sayen mai a bakin titi ba tare da karɓar rasit ba. Kafin ta cika shekara biyu inji ya buga. Da ya kai ta wurin dila, tambayar farko ita ce: ina shaidar sabis? Ya yi rantsuwa bai taɓa tsallake juye ba, amma rantsuwa ba ta shiga fayil. Haka ya biya gyara daga aljihunsa, alhali bashin motar bai ƙare ba. Garin neman gira ya rasa ido.

Shin laifinsa juyen da ya yi? A'a. Laifinsa biyu ne: bai karanta takardar garanti ba, kuma bai ajiye shaida ba. Garanti alkawari ne mai sharaɗi. Kamfani ya ɗauki nauyin aibin da ya fito daga ƙira na wani wa'adi, wasu shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, kai kuma ka ɗauki nauyin kula da motar yadda kundinta ya tsara. Ranar da inji ya lalace, wanda ya fi hujja shi ne da gaskiya.

Wasu ƙasashe sun daɗe da warware wannan gardama. A Amurka, tun 1975 aka kafa dokar Magnuson-Moss, wadda ta hana kamfani ya ɗaure garanti da sharaɗin sai an sayi kayansa ko an yi sabis a garejinsa, sai fa in kyauta zai bayar. Don haka Ba'amurke yana iya yin juye a gidansa garantinsa na nan, kuma in kamfani zai ƙi gyara, sai ya nuna cewa aikin mai motar ne ya jawo ɓarnar. Tarayyar Turai ma ta fito da ƙa'ida a 2002 wadda ta ba mai mota damar kai ta garejin da ba na dila ba, muddin an bi tsarin kamfani. Sai dai dokar wata ƙasa ba ta tsallako teku ta kare ka. A nan, abin da ka sa wa hannu shi zai bi ka.

Saboda haka shawarata ita ce ka karanta takardar tun kafin ka biya kuɗi. In ta ce lalle sai a garejin dila, to ka daure har wa'adi ya ƙare, domin rarar da za ka samu a juye goma ba ta kai kuɗin inji ɗaya ba. In kuwa ba ta ce haka ba, ɗauki sifanarka, amma da sharaɗi uku.

Na farko, ka zuba irin man da kundi ya ambata. Mai kauri irin 20W-50, wanda ya yi wa Peugeot 504 ta iyayenmu hidima tun da aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, bai dace da yawancin injunan yau ba, waɗanda ke neman 5W-30 ko 0W-20. Na biyu, ka kiyaye lokaci. Kundayen motoci suna lissafa ƙura da gajerun tafiye-tafiye cikin aiki mai tsanani da ke bukatar juye da wuri, ƙurar hunturu kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Na uku, ka sayi mai da filta inda ake ba da rasit, domin jabun mai ya yi yawa a kasuwa, sa'an nan ka rubuta kwanan wata da adadin kilomita a littafi ka maƙala rasit ɗin. Tsohon man kuma kada ka tuttular a kwata, domin guba ne ga ruwan rijiyar maƙwabta. Zuba shi a galan ka kai gareji.

Na san wani zai ce yawancinmu motar Kwatano muke hawa, wadda garantinta ya mutu tun a Turai. Gaskiya ne, amma sabon babur da janareta ma da takardarsu suke zuwa, kuma littafin sabis yana ɗaga darajar kowace mota ranar sayarwa.

A ƙarshe, ina kira ga ɗaliban shari'a da na injiniya. Tun 2019 Nijeriya ta sami dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye. Ya kamata mu matsa a fayyace ɓaro-ɓaro cewa wanda ya kula da motarsa bisa ƙa'ida, ya kuma kawo shaida, ba za a hana shi haƙƙinsa don kawai hannunsa ne ya yi baƙi ba na bakaniken dila ba. Kafin wannan rana, ka riƙe rasit ɗinka. In kunne ya ji, jiki ya tsira.