Ciyar da Karnukan Gadi: Tsakanin Buhun Kanti da Sauran Tuwo

Duk wanda ya ratsa Kudenda da tsakar dare, daga bakin hanyar Nnamdi Azikiwe zuwa lungunan da suka gangara wajen Kogin Kaduna, zai shaida cewa babu muryar da ta kai haushin karnuka tashi. Unguwa ce ta masana'antu da ɗakunan ajiyar kaya da gidajen ma'aikata, kuma tun da sha'anin tsaro ya taɓarɓare a gefen garin Kaduna, magidanta da yawa suka ga kare ɗaya bai isa gadi ba, sai uku ko huɗu ko biyar. To amma mai gadin da ba ya karɓar albashi yana da ciki. Tun daga shekarar 2023, da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki darajar Naira, farashin duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, sa'an nan a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasar nan ta haura kashi 40 cikin 100. Maigidan da ke fama da cefanen iyali, ina ya ga ta buhun abincin kare?

Yawancin masu karnuka sun kasu gida biyu. Akwai masu ganin in ba abincin buhu na kanti ba, to ba a ciyar da kare ba. Akwai kuma masu ganin kare ai kare ne, ƙanzo da sauran tuwo sun ishe shi. Ra'ayina shi ne dukkansu sun kauce hanya. Abinci mai inganci kuma mai rangwame yana nan a kasuwannin hatsi da kwata, muddin za a haɗa shi da awo da lissafi, kuma muddin an san wuraren da neman araha yake zama ganganci.

Abin da cikin kare ke iyawa

Kare ɗan'uwan kyarkeci ne, amma zaman dubban shekaru da ɗan Adam ya sauya masa ciki. A shekarar 2013, masu bincike a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa ƙwayar gadon da ke sarrafa sinadarin narkar da sitaci, wadda kyarkeci ke da ita guda 2 kacal, kare yana da ita daga 4 har zuwa 30. Ma'ana, dafaffen hatsi abinci ne na gaske ga kare, ba cikon ciki kawai ba. Wannan albishir ne ga mutumin Jihar Kaduna, inda masara da dawa da waken suya suke cikin manyan amfanin gona.

Sai dai hatsi kaɗai ba ya riƙe kare. Furotin, wato sinadarin gina jiki, da ke cikin masara bai wuce kashi 8 zuwa 10 cikin 100 ba, alhali ma'aunin da masu haɗa abincin dabbobi a Amurka ke bi ya ce baligin kare yana bukatar aƙalla kashi 18, ɗan kwikwiyo da karya mai shayarwa kuwa kashi 22 da rabi. Har ila yau furotin ɗin masara ragagge ne, domin yana da ƙarancin wasu tubalai biyu da jiki ba ya iya ƙerawa da kansa. Tarihin likitanci ya daɗe da sanin illar wannan. A shekarun 1920, Dokta Joseph Goldberger na hukumar lafiya ta Amurka ya ciyar da karnuka irin cimar talakawan kudancin ƙasar, wadda galibinta garin masara ne, sai suka kamu da ciwon da ake kira baƙin harshe: baki ya yi gyambo, yawu ya riƙa dalala, ga gudawa da rama. A 1937 Conrad Elvehjem na Jami'ar Wisconsin ya warkar da irin waɗannan karnuka da sinadarin da ya tato daga hanta, wato niyasin, ɗaya daga cikin dangin bitamin B. Ta wannan hanya aka gano maganin cutar felagira da ta daɗe tana kashe mutane. Saboda haka mai zuba wa karnukansa tuwon masara zalla safe da yamma, yana maimaita gwajin Goldberger ne a tsakar gidansa ba tare da ya sani ba.

Lissafin kwano biyar

Bari mu ɗauki gida mai karnuka 5, kowanne kilo 20. Irin wannan kare yana bukatar kimanin kalori 1,100 zuwa 1,200 a rana, gwargwadon zirga-zirgarsa. Abincin buhu yakan ba da wajen kalori 3,500 a kowane kilo, wato karnuka 5 za su cinye kusan kilo 50 a wata, fiye da buhu 3 masu kilo 15. Ko da na gida aka saya, irin wanda kamfanin Grand Cereals na Jos ke yi, mai karatu ya tambayi farashi ya ninka da kansa.

Ga kuma lissafin tukunya. A ba kowane kare giram 180 na tsakin masara ko dawa, da giram 60 na waken suya da aka soya aka niƙa, da giram 150 na kayan ciki kamar tumbi da huhu da saifa, da cokali ɗaya na manja ko man gyaɗa. Wannan ya ba da kalori kusan 1,150 da furotin wajen giram 60, abin da ya haura mafi ƙarancin da ake nema. A wata guda, gidan zai ci kilo 27 na hatsi, kilo 9 na waken suya, da kilo 22 da rabi na kayan ciki. A jefa kabewa ko karas ko ganyen alayyahu a tukunyar, da ɗan gishiri mai aidin kaɗan. Ranar da kwata ta yi tsada, ƙwai ko ɓurɓushin busasshen kifi su maye gurbi. Dusar awara da mata ke zubarwa ma tana da amfani in an dafa ta a ranar.

Abubuwa uku ne ake yawan mantawa. Na farko, ɗanyen waken suya yana ɗauke da sinadarin da ke hana hanji narkar da furotin, sai wuta ta karya shi. Don haka a soya shi ko a dafa sosai. Na biyu, hatsi da nama duka suna da yawan fosfaras da ƙarancin kalsiyam, wato sinadarin ƙashi, kuma kwikwiyon da aka raina a kansu kaɗai yakan tashi da gwamayen ƙafafu da ƙashi mai saurin karyewa. Maganin wannan yana cikin kwandon shara: ɓawon ƙwai, wanda kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa kalsiyam ne. A tafasa, a shanya, a daka ya yi laushi, rabin ƙaramin cokali ya ishi baligin kare a rana. Na uku, hanta tana da albarka, amma bitamin A ya yi mata yawa. Ɗan yanki sau biyu a mako ya wadatar.

Inda araha ba ta ado

A nan ne nake son mai karatu ya tsaya da kyau, domin mafi yawan asarar da ake yi ba daga yunwa take zuwa ba, daga neman sauƙi take.

Mafi haɗari ita ce masarar da ta yi fumfuna. Mai hatsi yakan ware ta ya karya farashi, mai saye kuma ya ce ai na kare ne. Wani nau'in fumfuna mai suna Aspergillus flavus yana zuba guba a cikin masara da gyaɗa, ana kiran ta afalatoksin. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Birazil. Gubar nan hanta take ci, dafuwa ba ta kashe ta, kuma kare yana cikin dabbobin da ba sa jure mata ko kaɗan. Alamunta su ne ƙin abinci, amai, kasala, da shawara a ido da dasashi. Kada kuma a ɗauka buhun kanti ya tsira: a Amurka, a 2005 da kuma ƙarshen 2020, an janye abincin karnuka daga kasuwa saboda wannan guba, bayan karnuka da dama sun mutu. A Kenya kuwa, a 2004, mutane 125 ta kashe. Unguwar da ke bakin kogi kamar Kudenda, inda ɗakuna ke yin laima a watannin Agusta da Satumba, dole ta yi hattara biyu. Ƙa'idar mai sauƙi ce: hatsin da ba za ka tuƙa wa 'ya'yanka ba, kada ka dafa wa karenka. Haka ƙuli-ƙulin da ya daɗe ko ya canza wari.

Na biyu shi ne ɗanyen kayan ciki. Akwai wata ƙaramar tsutsa da ke zama a hanjin kare, wadda 'ya'yanta ke yin ƙullutu mai ruwa a huhu da hantar tumaki da shanu da raƙuma. Irin wannan huhu ne mahauci ke yankewa ya jefar ko ya bayar a banza. Kare ya ci, tsutsa ta girma a cikinsa, ƙwanta ya fita a kashi, ya maƙale a gashi da ƙasa da ganye, daga nan sai hannun yaro, sai baki. A jikin mutum ƙullutun yakan yi shekaru yana girma a hanta ko huhu, sau da yawa sai an kai ga tiyata. Tafasa kayan ciki na minti 30 ya yanke wannan zagaye. Itacen minti 30 ya fi kuɗin tiyata sauƙi.

Na uku, sauran abincin gida da na gidajen sayar da abinci. Miyarmu ba ta rabuwa da albasa, albasa kuwa, ɗanya ko dafaffa, tana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare in ta yi yawa, haka tafarnuwa. Ƙashin kaza da aka dafa yakan tsage ya zama tsinke ya huda hanji. Na huɗu, abincin kaji, wanda yake ko'ina a Kaduna: wani ana zuba masa maganin cutar hanjin kaji da ke shanye ƙafafun kare, na kajin ƙwai kuma kalsiyam ɗinsa ya wuce kima. Dusar masana'antar giya da makiyaya ke saye ta dace da saniya mai tuƙa, amma ƙaiƙayinta ya fi ƙarfin hanjin kare, ga ta da saurin ruɓewa.

Hujjar masu buhu

Masu goyon bayan abincin kanti suna da hujja mai ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. A 2013 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun auna tsare-tsaren dafa abincin kare a gida har 200, suka tarar kashi 95 cikin 100 sun gaza a sinadari ɗaya ko fiye. Lissafin da na kawo a sama ma mafari ne, wanda ya kamata likitan dabbobi ya duba ya ƙara masa garin bitamin da ma'adinai, musamman ga 'yan kwikwiyo da karya mai ciki, waɗanda in da hali su ne suka fi cancantar abincin buhu. Amma binciken bai ce a bar tukunya ba, cewa ya yi a dafa da ilmi. Kuma a Kudenda zaɓin ba tsakanin buhu da tukunya yake ba. Tsakanin tukunya mai lissafi ne da juji.

Jujin nan kuwa shi ne abin tsoro. Karen da bai ƙoshi ba yakan haura katanga ya tafi kiwo a bola, ya yi faɗa da karnukan da ba su da ubangida, ya dawo gida da abin da ya kwaso. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta cizon kare, da yawansu kuma yara ne. Hukumar ta ce yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura yana katse yaɗuwar cutar, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana yin allurar a ƙasar nan. Ashe ke nan kwanon karen maƙwabci ya shafi lafiyar ɗanka. Kuɗin allurar shekara-shekara da maganin tsutsa wani ɓangare ne na kuɗin ciyarwa, ba ƙari ba ne.

Abin yi

Magidanta masu karnuka su haɗa kai su sayi hatsi da kaka, lokacin da masara ke sauka a kasuwanni irin su Saminaka, su tabbatar ta bushe ƙarau, su adana a buhunan da ba sa shan iska, a bisa katako, nesa da bango. Su ƙulla ciniki da mahauci guda amintacce. A ba kowane kare kwanonsa, domin in aka haɗa su a kwano ɗaya, babba zai yi ƙiba ƙarami ya rame. Ma'aunin ƙoshi kuwa a hannu yake: a shafa haƙarƙari, a ji ƙashi amma kada ido ya ƙirga shi daga nesa.

Jami'o'inmu ma suna da nauyi a wuyansu. Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika suna da masana da ɗakunan gwajin da za su iya fitar da tsarin abincin kare daga amfanin gonarmu, a auna shi da mudu da gwangwani, a buga da Hausa, a karanta a rediyo. Aikin ɗalibi ɗaya mai neman digiri na biyu zai iya amfanar dubban gidaje.

Daga ƙarshe, daidai ruwa daidai tsaki. Wanda aljihunsa ke ɗaukar karnuka 2, kada ya tara 5. Likita yana iya yi wa karya aikin hana haihuwa. Karnuka biyu ƙosassu masu allura sun fi garke na mayunwata tsare gida. Dabbar da mutum ya ɗaure a gidansa amana ce, kuma addinan da ake bi a Kudenda duka sun yi horo da tausaya mata. Wanda ya kwana yana tsaron ƙofarka, haƙƙinsa ne ya kwana da cikinsa a cike. Allah Ya ba mu ikon sauke amana.