Silima: uba, ɗa da ƙwaya

A shekara ta 2018 aka fito da wani silima a Amurka mai suna Beautiful Boy, watau Kyakkyawan Yaro. Wanda ya shirya shi, Felix van Groeningen, mutumin Beljik ne. Labarin ba ƙage ba ne: an ɗauko shi daga littattafai 2 da wani ɗan jarida, David Sheff, da ɗansa Nic suka rubuta, kowa nasa.

Nic yaro ne mai hazaƙa, gidansu babu yunwa, babu jahilci. Duk da haka ya faɗa shan ƙwayar metamfetamin. Aka kai shi gidan jiyya, ya samu sauƙi, ya fito, ya koma ruwa. Abin ya kai shi ga satar ƴan kuɗin da ƙanensa ya tara. Uba ya rasa barci, matar uba ta shiga fargabar abin da zai sami ƙananan ƴaƴanta. Mutum ɗaya ke sha, amma gida duka ke jinya.

Wuri mafi nauyi shi ne inda yaron ya buga waya yana roƙon a bar shi ya komo gida, uban ya ƙi, yana kuka. Ba ƙiyayya ba ce. Ya gane cewa ƙauna da kuɗi ba su warkad da cutar da ta kama ƙwaƙwalwa. Sai magani, da lokaci, da yardar maras lafiya. Komawa ruwa kuwa halin cutar ne, ba dalilin yanke ƙauna ba.

A Amurka ƙwayoyi sun kashe mutum fiye da 70,000 a 2017, fiye da 100,000 a 2021. Nijar ma ba ta tsira ba: tramol ya shiga tasha da fada da lekol, kuma a watan Maris na 2021 hukuma ta kama tan 17 na wiwi a Yamai.

Kamu aiki ne mai kyau, amma rabin aiki ne. Yaron da ya riga ya kamu, likita yake bukata, da iyayen da ba za su ɓoye shi don kunya ba. Wajibi ne hukuma ta tanadi wuraren jiyya, magidanta kuma su yi magana tun da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.