Haƙoran Mataji A Jikin Hoton Bidiyo

Duk wanda ya taɓa kallon tsohon wasan Samanja, ko ɗaya daga cikin finafinan Kano na farko-farko, a wayarsa ta hannu, lalle zai lura da wani abu. Muddin ɗan wasa yana tsaye cik, hoto lafiya lau. Da zarar ya ɗaga hannu ko ya waiwaya, sai gefen jikinsa ya tsattsage kamar haƙoran mataji. Galibi akan ɗora wa tsufan kaset laifi, alhali kuwa aikin wanda ya juye hoton ne.

Ga asalin maganar. Tun lokacin da aka buɗe gidan talabijin na farko a ƙasar nan, a Ibadan, cikin 1959, hoton da ake watsawa mai layi 625 ne, waɗanda 576 daga cikinsu ne ke ɗauke da abin kallo. Da za a aiko da hoto ɗungum sau 25 a daƙiƙa, sai fuskar akwatin ta riƙa ƙyafce-ƙyafce. Aiko shi sau 50 kuwa ya fi ƙarfin hanyar da aka ware wa kowace tasha. Saboda haka masana suka yi dabara, suka raba hoton ɓari biyu. Ɓarin farko ya ɗauki layi na 1, na 3, na 5, har ƙasa, na biyu ya cike gurbin da aka bari, kamar dai mutum ya sarƙe yatsun hannayensa. Wannan shi ne saƙaƙƙen hoto. A Amurka layi 525 ne, ɓari wajen 60 a daƙiƙa.

To, amma fa ɓarin nan biyu ba a lokaci guda aka ɗauke su ba. Tsakaninsu akwai kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa, abin da ke motsi kuwa ya riga ya gusa. Tsohon akwati mai tulu bi da bi yake nuna su, ido bai ganin komai. Kwamfuta da waya kuwa hoto ɗungum suka sani, sai su haɗe biyun wuri guda, haƙora su bayyana.

A nan ne mai tace hoto mai gaggawa ke yin ɓarna. Wani yakan zubar da ɓari ɗaya. Haƙora sun tafi kam, amma layi 576 sun koma 288, watau an kashe ƙuda da taɓarya. Wani kuma yakan dama ɓari biyun, sai kowane motsi ya fito da inuwa a bayansa, fuska ta yi hazo. Hanyar kirki ita ce wadda na'ura ke duba hoton lungu-lungu: inda babu motsi ta bar layukan yadda suke, inda akwai motsi ta ƙiyasta layin da ya ɓace daga maƙwabtansa. Matatan Yadif da Bwdif na cikin FFmpeg haka suke yi, QTGMC kuwa ya fi su tsabta, sai dai cin lokaci. In an umarce su su mai da kowane ɓari cikakken hoto, watau 50 a daƙiƙa, rawa da ƙwallo da sukuwar hawan salla za su fito sumul yadda aka ɗauke su.

Sharaɗi guda ne ba a tsallake shi: a warware saƙar tukuna, sa'an nan a ƙara girman hoto ko a rage. Wanda ya soma da canza girma ya cuɗe layukan, haƙoran sun zauna daram, babu na'urar da za ta sake raba su.

Har ila yau, ba kowane kaset ke bukatar warwara ba. Fim ɗin silima hoto 24 ne a daƙiƙa, in za a juye shi a tsarin layi 625 akan ɗan ƙara masa sauri ya kai 25, ɓarinsa biyu duk na lokaci guda ne. Wanda ya tace irin wannan ya rage masa kaifi a banza. A tsayar da hoto daidai inda ake motsi a duba. In babu haƙora, a ƙyale shi.

Saura wanda ke haɗa tsohon hoto da sabo domin gidan talabijin. Kaset ɗin MiniDV da ɓarin ƙasa yake farawa, hoto mai layi 1080 kuwa da na sama. In an juya musu tsari, motsi yakan riƙa karkarwa, gaba da baya, kuma sau da yawa allon kwamfuta yakan ɓoye wannan aibi, sai shiri ya fita ake gani. Don haka a gwada aikin a akwatin talabijin kafin a miƙa shi. Juyin farko kuma, mai saƙarsa cif, a adana shi daban, domin kaset ɗin VHS da ya haura shekara 30 ba lalle ne ya yarda a sake juya shi ba.